Wai motocin daji na yanzu kwali ne?

Mai A-kori-kura: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar da abin da ke cikina. Motata mai jan taya huɗu ta fara ƙugi daga ƙasa, sitiyari ya yi tauri, in na sha kwana tayoyi su riƙa kuka, giyar 4H, wadda ke sa taya huɗu su ja, kuma ta ƙi fita ko da tsiya. Na kai ta gareji aka sauke tiransifa, akwatin giyar da ke raba ƙarfi ga tayoyin gaba da na baya, wai sarƙar ciki ta saki. Bakaniken, maimakon ya jajanta mini, sai ya ce ni na kashe ta da hannuna, don ina barin ta a 4H a kan kwalta. To ni don taya huɗu su ja na saye ta. In ba za ta iya ba, me ya sa aka manna mata 4x4 a jiki? Maganar gaskiya motocin yanzu kwali ne. Laifina ne, ko bakaniken ne ke neman hanyar cin kuɗina?

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam. Alhaji ka gama magana, kwali ne, kwalin ma na banza. Mu da muka tuƙa ƙarfe mun san ƙarfe. Land Cruiser samfurin 70 tun 1984 ake ƙera ta, har yau ba a daina ba. Injin 1HZ, lita 4.2, silinda shida, ba turbo, ba kwamfuta. Ka ba ta gas da baƙin mai, ta kai ka ta dawo da kai. Na yanzu kuwa ka jingina da ƙofa sai ta lotsa.

Hajiya Mai Prado: Baba, da girmanka, amma kalmar nan ta kwali ba ta zauna ba. Lotsewar da kake gani da gangan aka yi ta. Gaban motar ne ke murƙushewa ya shanye ƙarfin karo don kada ya isa ga na ciki. A da mota ta fita lafiya, direba ya tafi asibiti. Yanzu ga bel, ga jakar iska, ga birkin ABS. Ni dai gara a yi asarar bonet.

Tsohon Direba: 'Yata, wanda ya iya tuƙi ba ya jiran jakar iska.

Hajiya Mai Prado: Wanda zai zo ya buge ka fa, Baba, shi ma ya iya?

Na Land Rover: Ina ta kallonku ina dariya. In rashin kaurin bodi ne kwali, to uwar motocin daji ma kwali ce. Land Rover ta fito a 1948 da bodin alminiyam, saboda ƙarfe ya yi wuya a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wa ya taɓa ce mata rarrauna? Ƙarfin motar daji a shasi yake da aksil, ba a fatar jiki ba. Kuma a tuna, lokacin da ta fito ba a haifi Land Cruiser ba. Sai 1951 Toyota ta yi tata, sunan ma sai 1954 aka raɗa mata.

Tsohon Direba: Riga malam masallaci ba shi ne limanci ba.

Mai Jif: In tsufa ake ji da shi duk ku zauna. Jif ɗin Willys ta sojan Amurka tun 1941 take cin laka. Ita kowa ya kwaikwaya.

Malamin Zaure: Ku tsaya. Alhaji da ya ce kwali, bodi yake nufi ko kayan ciki? Domin abin da ya lalace masa a ƙarƙashin mota yake, ba wanda ya ce ƙofarsa ta lotsa. Sai mun daidaita a kan ma'anar kafin a ci gaba.

Mai A-kori-kura: Malam, duka nake nufi.

Malamin Zaure: Ai "duka" ba amsa ba ce.

Ɗan Gareji: Ranku ya daɗe, ku ba ni dama in taɓa ainihin tambayar, don naga an bar ta a baya. Alhaji ka yi haƙuri, bakanikenka bai yi maka ƙarya ba. In mota tana shan kwana, tayoyin gaba sun fi na baya cin tafiya, don da'irar da suke bi ta fi faɗi. Irin motarka, da ka sa 4H, tiransifa tana ɗaure farfelar gaba da ta baya, wato sandunan da ke kai ƙarfi ga tayoyi, su juya daidai wa daida, babu abin da zai raba musu bambancin. A yashi ko laka ba matsala, taya ɗaya za ta ɗan sulɓe, nauyin ya fita. A busasshiyar kwalta taya ta kama ƙasa gam, ba ta sulɓewa, sai ƙarfin ya taru a cikin ƙarafa, kamar mutum biyu na murɗa jiƙaƙƙen zane kowa na juya nasa gefen. Shi ne taurin sitiyarin da ka ji, shi ne kukan taya, shi ne ya hana giyar fita. In abin ya daɗe, ko sarƙa ta saki, ko haƙoran giya su ci juna, ko kurosin farfela ya tafi. Da ka ji ta ƙi fita, da ka sauka gefen hanya kan ƙasa ka yi ribas a miƙe 'yan mitoci, yawanci tana saki. Ƙa'idar ita ce 2H, wato jan taya biyu, a kwalta, 4H a yashi da laka da tsakuwa, 4L, wato jan huɗu da giya mai ƙarfi a hankali, a hawa mai tsauri ko gangara ko inda ake rarrafe. Ita 4L sai ka tsaya cak ka sa furi kafin ka shigar da ita.

Mai A-kori-kura: To ita Hajiya fa? Na ji an ce tata kullum huɗun ke ja, a kwaltar take yini, ba abin da ya same ta.

Ɗan Gareji: Tata daban ce. Prado da Defender da Land Cruiser 80 zuwa sama masu jan huɗu na dindindin suna da difarenshal na uku a tsakiya, shi ke barin gaba da baya su juya da saurin da ya bambanta. Ita ma in ta kulle na tsakiyan ta hau kwalta, abin da ya same ka zai same ta.

Hajiya Mai Prado: Kun ji ko? Kwalin ne dai ya fi wayo.

Ɗan Gareji: Kuma Baba, ba don in ɓata maka ba, samfurin 70 ɗin da kake yabo tsarinta ɗaya da ta Alhaji. Ka kulle hob ɗin gaba, wato cibiyar tayoyin, ka sa ta a H4, wato 4H ɗinta, ka yi ta yawo a kwalta, za ta ɗaure kamar kowace.

Tsohon Direba: Kai yaro, ina tuƙi tun ba a yaye ka ba. Tawa ba ta taɓa ɗaurewa ba.

Ɗan Gareji: Don ba ka taɓa barin ta a H4 a kwalta ba ne, Baba. Ai shaida ce ka ba ni.

Na Land Rover: "Yaro" kuma? Mutum ya kawo bayani tiryan-tiryan, amsar da za a ba shi ke nan?

Tsohon Direba: Wanda na haifi kamarsa ba zan ce masa yaro ba? Zagi ne?

Malamin Zaure: Ya danganta da yadda aka faɗe ta. Akwai yaro na shekaru, akwai yaro na raini.

Hajiya Mai Prado: Malam don Allah kar ka buɗe mana wani ajin.

Tsohon Direba: Yaran yanzu ko dumama mota ba su iya ba. Mutum ya murɗa makulli ya fizge ta. Ni kullum da safe sai ta yi rubu'in awa tana silo, injin na aiki tana tsaye, kafin in taɓa giya. Shi ya sa injina yake nan.

Mai Lissafi: Baba, wannan rubu'in awar gas kake ƙonawa mota ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Injin dizal a silo da ƙyar yake ɗaukar zafi, a tafiya yake dumama. Ka kunna makulli, ka jira fitilar hita ta mutu, ka tayar, ka ba baƙin mai kamar rabin minti ya zagaya, sai ka tafi a hankali ba tare da taka totur da ƙarfi ba har allurar zafi ta hau. Giyabos da aksil ma ba sa dumama a tsaye. Sababbin dizal masu matatar hayaƙi kuwa yawan silo toshe ta yake yi. Inda ake son haƙurin shi ne wajen kashewa: mai turbo, in ya sha wahala a yashi ko hawa, a bar shi minti ɗaya ko biyu kafin a kashe.

Tsohon Direba: Ka ji, matatar hayaƙi. Wani kwalin ke nan.

Mai Jif: Mai Lissafi, kai da ke wa'azin tattalin mai, ba kai ne ka sa manyan tayoyin laka da kariya a saman mota ba? Hotonka na nan a zaure. Jarkoki huɗu da safaya a sama.

Mai Lissafi: Na ranar tafiya ne. Da na dawo nake sauke su.

Mai Jif: Tayoyin ma sauke su kake yi? Masu manyan haƙoran nan a kwalta mai suke sha, ga gurnani. Kayan sama kuma ba mai kaɗai suke ci ba. Motar daji dama doguwa ce, ka ƙara mata nauyi a ka, ka bi gefen tudu a karkace, sai dai a zo a ɗaga ku.

Mai Lissafi: Ni ba na bin tudu a karkace. A miƙe nake hawa, a miƙe nake sauka, 4L giya ta ɗaya, ƙafata ba ta kusantar kuloci. Ka tambayi wanda ya kafe a yashi da iska 40 a taya har aka zo jan sa.

Mai Jif: Ranar gejin auna iskar taya ne ba ni da shi.

Hajiya Mai Prado: Mai motar daji ba geji? A yashi mai laushi ana rage iska zuwa tsakanin 15 da 20 psi a geji don taya ta shimfiɗu ta hau saman yashin. Amma fa da an fito sai a mayar, shi ya sa nake yawo da famfo. Taya mai ƙarancin iska a guje kan kwalta zafi take ɗauka har ta fashe. Kuma da iskar a rage ba a fizgar sitiyari, taya na iya barin rim.

Tsohon Direba: Mu da ƙafa muke auna taya.

Na Land Rover: Tunda an zo maganar ja, wanda ya ja Mai Jif ranar a ƙwallon jan tirela ya ɗaura igiya. Na gani a bidiyon na yi shiru ne kawai. Wannan ƙwallon ba don fizga aka yi shi ba, in ya karye tashi yake da ƙarfin da zai fasa gilashi, ya kashe mutane a wurare da yawa. Akwai ƙugiyar ja da aka ɗaure a shasi, ita ake nema. 'Yan kallo kuma su ja baya nesa da igiyar.

Mai Lissafi: Ni na ja shi, kuma ya fito.

Na Land Rover: Fitowa ba hujja ba ce.

Mai A-kori-kura: Jama'a, to yanzu in daina sa 4H gaba ɗaya ke nan?

Ɗan Gareji: A'a Alhaji. Barin ta kwata-kwata ma ba kyau, kayan gaba na son motsi don mai ya zagaya su. Ko sau ɗaya a wata ka samu hanyar ƙasa ka sa ta ka yi 'yan kilomitoci. Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya. In ka ratsa ruwa ka sa wa farfela giris, ka duba man aksil, in ya koma fari-fari ruwa ya shiga, a canza. Kuma in ta mutu a tsakiyar ruwa kar ka sake tayarwa, injin da ya zuƙi ruwa lanƙwasa konrod yake yi. Matatar iska kuwa, mai yawan bin ƙura ba ya jiran lokacin sabis kafin ya duba ta.

Tsohon Direba: Tawa ta ratsa ruwa har wuyan bonet.

Hajiya Mai Prado: Da bututun shaƙar iska a sama ko babu?

Tsohon Direba: Da shi.

Hajiya Mai Prado: To bututun ya ratsa, Baba.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in tattara. Abin da aka fahimta shi ne tsofaffin motoci sun fi ƙarko, wannan kusan kowa ya yarda. Baba ya kawo hujjoji daga gogewa, kuma gogewa ba a sayen ta. Hajiya ta kare na zamani gwargwadon iyawarta. Ɗan Gareji ya yi dogon bayani a kan giya, mun gode, sai dai a riƙa sassauta harshe in ana magana da manya. Maganar dumama mota an bar wa kowa abin da ya saba. Alhaji kuma shawarar zaure ita ce, in Allah ya hore, ka nemi samfurin 70 ka huta.

Hajiya Mai Prado: "Kusan kowa" su wa ke nan? Kai da Baba?

Na Land Rover: Kuma ba a ko ambaci 1948 ba.

Ɗan Gareji: Ranka ya daɗe, ni aka ce wa yaro, ni kuma aka ce in sassauta harshe?

Mai Lissafi: Shugaba, ka faɗa wa zaure wace mota ce ka sa a kasuwa makon jiya.

Shugaban Zaure: Wannan ba ya cikin muhawara. Na rufe sharhi.