Kuɗin mamaci a kan lacca da zane: sadaka ce ko ɓarna?

Malam Isiyaku: Ni dai ina nan a kan bakana. Mutum ya bar wasiyya a riƙa biyan farfesa ya zo ya yi lacca, sauran kuɗin kuma a sayi zane a rataye a bango. Ga ɗalibai suna barin karatu saboda rashin kuɗin rajista, ga majinyata ba magani. Wannan neman suna ne bayan rai.

Hajiya Rabi: Malam, abin da ke zuciyar mamaci sai Allah. Dubi Adam Gifford, alƙali a Sikotlan. Ya rasu a 1887, ya bar fam 80,000 ga jami'o'i huɗu: Edinbara, Gilasgo, Abadin da Sent Andrus, don a riƙa lacca a kan sanin Ubangiji ta hanyar hankali. Ya shar'anta a buɗe ƙofa ga kowa, ko da ba ɗalibi ba ne, kuma kada a binciki aƙidar mai laccar. Shi ya sa a 1981 Musulmi, Sayyid Husaini Nasr, ya hau wannan mumbarin. Tun 1888 ake yi, har gobe. Da rabar da kuɗin aka yi, da tuni an manta.

Aliyu: Hajiya, ki yi haƙuri, ni na taɓa zama a irin wannan laccar a wata jami'a. Babban zaure, kujeru fayau, ba mu cika sahu uku ba, yawancinmu kuma malaman sashen ne. Mai gabatarwa sai da ya duba takarda kafin ya iya faɗin sunan mai wasiyyar. Na fito raina a ɓace.

Hajiya Rabi: Ɗana, wannan laifin masu riƙon amanar ne da ba su yi shela ba. Kuma ba a auna lacca da yawan kujeru. Laccar Gifford da William James, masanin falsafa ɗan Amurka, ya yi a Edinbara a 1901 da 1902 ta zama littafi, ana karanta shi har yau.

Barista Hauwa: Akwai wanda ya raba gardamar nan da kansa. Alfred Felton, ɗan kasuwa a Melbon ta Ostireliya, ya rasu a 1904. Ya ce a juya dukiyarsa, ribar a raba biyu: rabi ga mabuƙata, musamman mata da yara, rabi a sayo wa gidan adana zane-zane na jihar Biktoriya kayan fasaha. Abin da aka saya da wannan rabin ya haura 15,000.

Malam Isiyaku: Madalla da rabin farko. Amma Barista, da wannan kuɗin aka sayi zanen liyafar Kiliyobatra na Tiepolo, mai zane ɗan Italiya, a 1933, fam 25,000, bayan gwamnatin Sobiyet ta fitar da shi kasuwa. Lokacin fa duniya na cikin karayar tattalin arziki, magidanta ba aikin yi. Zuciyata ba ta karɓi wannan ba.

Barista Hauwa: Na fahimce ka, Malam, abin da ciwo. Sai dai amintattu ba su da ikon taɓa rabin zane su kai wani wuri, kuma rabin mabuƙata bai tsaya ba a shekarun. Zanen yana nan, talaka ma yana shiga ya gani kyauta.

Malam Isiyaku: To nan ne muka rabu. Annabi (SAW) ya ce wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas ya yi wasiyya da sulusin dukiya, kuma sulusin ma da yawa, don kada a bar magada suna roƙo. Mai rai ake fara dubawa. Me zai sa sharaɗin wanda ke kabari ya ɗaure hannun masu rai shekara ɗari?

Barista Hauwa: Ba kullum yake ɗaurewa ba. Albert Barnes, attajiri mai tara zane-zane, ya hana a motsa zane-zanensa daga gidansu na Merion a Amurka. Da gidauniyar da ya kafa ta shiga matsin kuɗi, kotu ta ba da izini a 2004, aka mayar da su Filadelfiya a 2012. Har yanzu wasu na cewa an ci amanarsa.

Aliyu: Ni ma abin da ke damuna ke nan. In kotu za ta iya warware sharaɗi don a ceci zane, Barista, za ta yarda a warware shi don a biya wa ɗalibi kuɗin makaranta?