Garin tutiya ko gawayi: gogewar waɗanda suka tace zinariya daga ruwan sayanayid

Dillalin gwal, Agege: Assalamu alaikum. Mu da muke saye a Legas dunƙule kawai muke gani, shi ya sa nake roƙon waɗanda suka yi aikin da hannunsu su bayyana mana yadda ake dawo da zinariya bayan ta narke a ruwan sayanayid, wato sinadarin nan mai guba da ake narkar da zinariyar cikin dutse da shi.

Injiniya, Idi-Araba: Wa alaikumus salam, Alhaji. Inda na yi aiki a Ghana, hanyar Merrill-Crowe muke bi. Sai an tace ruwan ya yi garau, an zuƙe iskar oksijin da ke cikinsa, sannan a zuba garin tutiya, wadda take narkewa ta bar zinariya ta kwanta. Abin da na lura da shi shi ne, duk ranar da injin zuƙe iska ya yi rauni, tutiya takan ƙare da sauri kuma wata zinariyar ta sake narkewa ta bi ruwa. Amma idan dutsen yana da azurfa da yawa, ban ga hanyar da ta fi wannan ba.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji, Obalende: Injiniya ya yi gaskiya, sai dai tace ruwa mai laka yana da tsada, kuma a nan gawayi ya yi fice. Gawayin ɓawon kwakwa da aka sarrafa ake zubawa cikin lakar kai tsaye domin ya zuƙi zinariyar, kamar yadda ake yi a mahaƙar Segilola ta Jihar Osun, wadda ta fara fitar da zinariya a 2021. Idan ya ƙoshi, sai a wanke shi da ruwan soda mai zafi, a kama zinariyar da lantarki a jikin soson ƙarfe, a gasa gawayin a sake amfani da shi. A gwaje-gwajenmu, gawayin da ya farfashe ya fi komai jawo asara, domin ƙananan gutsattsarinsa sukan wuce rariya ɗauke da zinariya.

Direban tirela, Apapa: Ni dakon sinadarin sayanayid na yi daga tashar jiragen ruwa, kuma umarnin da ake maimaita mana shi ne kada ruwa ko asid ya taɓa shi.

Injiniya, Idi-Araba: Dalili ke nan da ake zuba farar ƙasa a tankuna, Malam, domin ma'aunin pH, wanda ke sauka idan asid ya ƙaru a ruwa, ya tsaya sama da 10; idan ya sauka, iska mai kisa ce take tashi daga ruwan.