Tagazut ko Imsuwan: neman shawara kan garin masunta a gaɓar tekun Maroko

Alhaji Sani, Kano

Assalamu alaikum, 'yan uwa. In Allah ya yarda, zan je Kasablanka a watan Afrilu kan wata harka ta kasuwanci, kuma na yi niyyar tafiya da maiɗakina da 'ya'yanmu, domin idan na kammala abin da ya kai ni mu sauka kudu mu huta a wani ƙaramin garin masunta na Amazig, waɗanda aka fi sani da Barbar. Sunaye biyu ake ta ambata mini, wato Tagazut da Imsuwan, dukansu a arewa da Agadir. Ina roƙon duk wanda ya san wuraren nan ya faɗa mini wanda ya fi dacewa da mai iyali, da yadda ake isa, da abin da ya kamata baƙo ya kiyaye.

Malama Hadiza

Wa alaikumus salam, Alhaji. Na yi karatu a Jami'ar Ibn Zuhur da ke Agadir, saboda haka wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurina. Abu na farko shi ne biza, domin ɗan Najeriya ba ya shiga Maroko sai da ita, kuma gara a nema wa kowa da wuri. Abu na biyu, jirgin ƙasa ba ya kaiwa Agadir, a Marakesh layin dogo ya tsaya. Daga can sai bas na kamfanin CTM ko na Supratours, tafiyar kimanin awa 3 zuwa 4 a kan babbar hanya, ko kuma ku ɗauki jirgin sama daga Kasablanka kai tsaye zuwa filin jirgin Agadir na Al Masira, wanda shi ne ya fi sauƙi ga mai yara.

Tagazut tana da nisan kimanin kilomita 20 daga Agadir, kuma bas na cikin gari da manyan tasi na haɗin gwiwa suna zuwa can duk yini. Imsuwan kuwa tana kusan rabin hanya tsakanin Agadir da birnin Sawira da ke arewa, kuma sai an bar babban titi an gangara ta wata hanya mai lanƙwasa kafin a same ta, don haka ɗaukar shatar mota ya fi muku kwanciyar hankali. Idan ka tambaye ni, Alhaji, Imsuwan zan zaɓa maka. Tun daga shekarun 1960 da 1970 Turawa matasa suka gano Tagazut, daga baya masu wasan hawan igiyar ruwa a kan allo suka mamaye ta, sannan gwamnati ta kafa rukunin manyan otal-otal a kudancinta. Jiragen masunta suna nan a bakin yashi har yanzu, amma yawancin gidajen da ke kallon teku sun zama masaukin baƙi da shagunan shan kofi, har mutum kan yi tafiya mai ɗan tsawo bai ji ana magana da yaren garin ba.

Malam Mamman, Agadas

Malama, ina girmama saninki na wurin, amma ban yarda a yi wa Tagazut wannan hukunci gaba ɗaya ba. Ita ma Imsuwan masu allon nan sun cika ta, domin igiyar da ke shiga cikin lungun tekunta tana daga cikin mafiya tsawo a Maroko, kuma a lokacin sanyi sukan fi masunta yawa a cikin ruwa. Tagazut kuwa tana da abin da mai iyali yake buƙata: asibitocin Agadir suna kusa, wurin cirar kuɗi yana kusa, kuma ƙauyen Awrir, inda ake noman ƙananan ayaba masu zaƙi, yana ci kasuwa ran Laraba. A wannan kasuwa ce Alhaji zai ga mutanen duwatsu na ƙabilar Ida U Tanan sun sauko da zuma da sha'ir da awaki, kuma da Tashilhit, wato yaren Amazig na yankin, ake ciniki, ba da Faransanci ba.

Abin da ya fi taɓa ni a yankin shi ne rubutu. Ni da na tashi cikin Abzinawa ina ganin tsofaffin mata suna zana Tifinag a kan rairayi, sai ga shi a allunan makarantu da na ofisoshin gwamnati a Maroko, tare da Larabci da Faransanci. A 2003 aka zaɓi Tifinag ya zama rubutun koyar da harshen Amazig a hukumance, a 2011 kundin tsarin mulki ya ɗaga harshen ya zama na hukuma, kuma daga 2024 ranar 14 ga Janairu, wato sabuwar shekararsu ta Yannayir, ta zama ranar hutu a ƙasar baki ɗaya. Haruffansu sun ɗan bambanta da namu, domin an ƙara musu wasulla, kuma Tashilhit da Tamajak, yaren Abzinawa, ba a fahimtar juna kai tsaye, amma mai jin ɗaya zai riƙa tsintar kalmomi a ɗayan. Idan yaranka suka ga waɗannan alluna, Alhaji, ka faɗa musu cewa dangin wannan rubutu yana nan a maƙwabtansu na arewa.

Idrisu, Yawuri

Baba Alhaji, ni ɗan gidan masunta ne, kuma abin da ya kai ni Imsuwan ke nan, don haka a kan kifi kawai zan yi magana. Can akwai tasha ta gaske, wadda aka gina da taimakon ƙasar Japan a shekarun 1990, da gangaren siminti na jawo jirage da ɗakin gwanjon kifi. Jiragen na katako ne, shuɗaye, masu injin baya, kowanne yana ɗaukar mutum biyu zuwa huɗu. Suna fita tun kafin gari ya waye, su fara dawowa daga hantsi zuwa bayan azahar, gwargwadon yanayin teku. Kada a makara, domin wannan dawowar ita ce abin kallo a garin: ana jawo jirgi tudu, a sauke akwatuna, a jera su a ɗakin gwanjo, dillalai daga Agadir da Sawira suna tsaye da motocin ƙanƙara suna taya.

Baƙo ba ya shiga gwanjon, amma a bakin tashar akwai masu sayar da ɗaiɗai. Sai ku zaɓi kifinku, ku miƙa wa masu gashi da ke gefe, su gyara su gasa a kan gawayi, ku biya ladan gashi da na burodi da salak da shayi. Ku duba jan da ke cikin kunnen kifin da hasken idonsa, ku yi ciniki kafin a sa masa wuƙa. Ni dai sardin nake ba kowa shawara ya fara ci, ko da yake shi ne mafi araha. Ruwan wannan gaɓa mai sanyi ne, saboda wani kwararo da ke saukowa daga arewa da kuma ruwan ƙarƙashi da iska ke ɗagowa sama, kuma wannan sanyi ne ke tara abincin da sardin ke bi. Shi ya sa Maroko take kan gaba a duniya wajen fitar da sardin na gwangwani, kuma wanda ya juya gwangwanin Titus da ke kantunanmu zai ga sunan ƙasar a jiki. Ɗanyensa da aka gasa a ranar da aka kama shi wani abinci ne dabam.

Roƙona ɗaya shi ne kada yara su tsaya a kan gangaren lokacin da ake jawo jirgi, domin yana da santsi kuma masu aikin suna sauri. Haka nan kada a ɗauki hoton masunci sai an yi masa sallama an nemi izini, domin mutanen nan suna bakin neman abincinsu ne, kuma na lura sun gaji da waya a fuskarsu.

Alhaji Sani, Kano

Allah ya saka muku da alheri. Idrisu, bayaninka ya ja hankalina ƙwarai zuwa Imsuwan. Sai dai maiɗakina tana tambaya game da irin suturar mutane a bakin teku, da sha'anin salla, da kuma ko yara za su iya shiga ruwa.

Malam Usman

Alhaji, game da salla babu damuwa ko kaɗan. Mutanen Sus, wato yankin da Agadir take, Musulmi ne Malikawa, kuma da ruwayar Warshu suke karatu, wadda da yawa daga cikinmu muka fara da ita a makarantar allo. A masallatan Maroko ana karanta izu guda a tare bayan asuba, wani kuma bayan magariba, ta yadda ake sauka duk wata, kuma ina ba ka shawara ka zauna a wannan da'ira ko da sau ɗaya ne, domin a nan za ka san dattawan garin fiye da ko'ina. Ka lura cewa ana yawan rufe masallatai tsakanin salloli, saboda haka a je a kan lokaci.

Wannan yanki yana da tsohon tarihin ilimi. A Aglu, wani ƙauyen masunta da ke kusa da Tiznit a kudu da Agadir, akwai kabarin Shehu Waggag, malamin Abdullahi bin Yasin wanda ya kafa tafiyar Murabiɗai a ƙarni na 11. Imam Jazuli, mai Dala'ilul Hairati, shi ma daga ƙabilar Jazula ta Sus ya fito. Idan lokaci ya ba ku dama, tafiyar yini ɗaya daga Agadir ta isa a je Aglu a dawo.

Batun sutura kuwa gaskiya za a faɗa wa Hajiya: a bakin ruwan garuruwan biyu za ta ga Turawa da kayan wanka, kuma babu mai hana su. Matan garin suna cikin suturarsu cikakkiya, kuma babu wanda zai kalli mai hijabi sau biyu. Da sassafe da kuma gefen tasha an fi samun natsuwa.

Hajiya Binta

Alhaji, a gaida Hajiya, a faɗa mata ta tanadar wa yara rigunan sanyi ko da a Afrilu ne, domin iskar yamma a bakin tekun nan tana shiga jiki, ruwan kuma ya fi yadda za su zata sanyi. A Imsuwan gaɓa biyu ce. Ta cikin lungu ta fi kwanciya, kuma idan ruwa ya janye yara za su iya wasa a gefe ana riƙe da su, amma ɗayar da ke fuskantar buɗaɗɗen teku tana da jan ruwa mai ƙarfi, ba wurin yaro ba ne.

Ni abin da nake so kada ya wuce ku shi ne man argan, wanda ake matsewa daga ƙwayar itacen argan. Daga Agadir har Sawira itacen ne ya rufe tuddai, kuma hukumar UNESCO ta sa wannan daji cikin wuraren da ake karewa tun 1998. Aikin na mata ne tun asali: su ɓare busasshen ɗan itacen, su fasa ƙwallon da dutse ɗaya bayan ɗaya, su soya ƙwayar idan na ci ne, su niƙa, su matse. Wanda ba a soya ba shi ne na shafawa, don haka a tambaya kafin a saya. Garin Tamanar, da ke gaba kaɗan da mararrabar Imsuwan a ƙasar ƙabilar Haha, yana da ƙungiyoyin mata masu wannan sana'a, kuma a wurinsu na fi son a saya, domin man yana da tsada kuma na bakin hanya mai araha yakan zo gauraye da wani mai. Ku nemi amlu, wato niƙaƙƙen almon da man argan da zuma, wanda ake dangwala da burodi mai zafi a karin kumallo. Ran Juma'a kuma kuskus ake yi a gidaje, kuma idan mai masaukinku ya gayyace ku kada ku ƙi, ku riƙe masa sukari irin na dunƙule, domin ita ce tsarabar girmamawa a wurinsu. Kwalaben mai a sa su a cikin babban akwati, kada a riƙe su a hannu a filin jirgi.

Malam Mamman, Agadas

Tunda kowa ya karkata zuwa Imsuwan, sai in ce a raba kwanakin: a fara sauka a Tagazut ko Awrir don kasuwar Laraba, sannan a wuce arewa. A hanya za ku bi ta fitilar jiragen ruwa ta Ras Gir, sannan garin Tamri, inda kogi ke shiga teku cikin gonakin ayaba. A duwatsun wannan gaɓa ne wani baƙin tsuntsu mai sanƙon kai da dogon jan baki yake sheƙa, wanda ya kusa ƙarewa a duniya, kuma mafi yawan waɗanda suka rage a daji suna nan ne da gandun Sus Masa. Idan kuka ci sa'ar biki, za ku ji makaɗan da ake kira ruwayis, masu waƙa da Tashilhit da wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ya yi kama da gogenmu.

Malama Hadiza

Na yarda da wannan tsari na Malam Mamman. Abin da zan ƙara, Alhaji, ya shafi masauki, kuma yana da muhimmanci. A watan Janairun 2024 hukumomi sun rushe gidaje da shaguna da dama a Imsuwan, waɗanda aka ce an gina su ba bisa ƙa'ida ba a filin gwamnati na bakin teku, makonni kaɗan bayan an yi irin wannan a ƙauyen Tifnit da ke kudu da Agadir. Mutane da yawa sun rasa wurin zama da wurin sana'a, kuma magana ce mai zafi har yanzu, don haka kada ka fara tayar da ita sai idan mai gida ne ya kawo. Ma'anar wannan a gare ku ita ce, hotuna da adireshin da ke intanet na kafin wannan lokaci ba abin dogaro ba ne. Ka kira mai masaukin ka ji muryarsa, ka nemi ya turo hoton gidan na yanzu, ka kuma tambaye shi ko ɗan garin ne, domin na fi son kuɗinku ya shiga hannun iyalan da suka rage. Ku canza kuɗi zuwa dirhami a filin jirgi ko a Agadir, ku riƙe tsaba isasshiya da ƙananan canji, domin masu gashin kifi da direbobin tasi ba sa karɓar kati. Ka kuma yi magana da direban da ya kai ku kan ranar da zai dawo ya ɗauke ku, domin mota ba ta yawan fita daga Imsuwan bayan la'asar.