Autanmu ya kafe sai aikin jinya a soja, Hajiya ta ce ba da yawunta ba

Yayar Auta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Autanmu ya gama makarantar koyon aikin jinya bara, yanzu ya kafe sai ya shiga soja ɓangaren lafiya. Hajiyarmu ta ce ba da yawunta ba. Mahaifinta ya je yaƙin Bama, wato ƙasar Burma a Yaƙin Duniya na Biyu, ta tashi da labarin waɗanda ba su dawo ba. Shi kuma yana ta lallashinta wai mai jinya ba ya riƙe bindiga, kuma doka ta hana a harbe shi. An sa ni a tsakiya. Gaskiya yake faɗa, ko daɗin baki ne?

Tsohon Saje: Wa alaikis salam 'yata. Ya faɗi rabi, ya haɗiye rabi. Kafin a kira shi mai jinya sai ya zama soja tukuna, fareti da harbi duk zai sha kamar kowa. Yarjejeniyar Janiba ta 1949 ta hana a kai masa hari, haka ne, amma ita ɗin ce kuma ta yarda ya riƙe ƙaramin makami don kare kansa da majinyacinsa. Kariyar tana aiki ne in abokin gaba na mutunta ta, nakiyar da aka binne a hanya kuwa ba ta duba tambarin kafaɗa. Idan wani ya faɗi, kowa na neman inda zai laɓe, shi ake ƙwala wa kira. Aikinsa na farko tsayar da jini: ya zarga maɗauri sama da raunin, ya murɗa har jinin ya tsaya, ya rubuta lokacin da ya ɗaura. Babbar jijiyar cinya in ta tsinke, mintuna kaɗan suka rage wa mutum, ba a jiran asibiti. Kada ku gaya wa Hajiya babu haɗari.

Malamin Tarihi: Baba Saje ya gama magana, sai dai in ƙara inda abin ya samo asali. A da, wanda aka raunata yakan kwana a fili sai an gama gwabzawa. Dominique Larrey, likitan rundunar Faransa da ya yi aiki da Napoleon, shi ya fito da kekunan doki marasa nauyi da ke shiga su kwaso mutane ana tsakiyar faɗa, ya kuma ce a fara da wanda rauninsa ya fi muni, hafsa ne ko kurtu. Dokar da autanku ke taƙama da ita kuwa, asalinta yaƙin Solferino ne a Italiya, 1859. Wani ɗan kasuwar Suwizalan, Henry Dunant, ya tarar da dubban sojoji yashe ba mai ba su ko ruwa. Daga nan aka kafa Red Cross a 1863, aka sa hannu a yarjejeniyar farko a 1864.

Batun Bama ne ma ya fi ja na. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, da Hausawa da yawa a ciki, sun yi fama a dazukan Kaladan da Arakan a 1944 da 1945. A wannan fage zazzaɓin cizon sauro da atuni sun fi harsashi kwantar da soja nesa ba kusa ba. Ƙwayar mefakirin, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ake tilasta musu sha kullum, har hafsan da ya yi sakaci da ita a rundunarsa yakan rasa muƙaminsa. Wanda ya ji rauni kuma a kafaɗa ake ɗauko shi ta tsaunuka, zuwa ɗan filin da ƙaramin jirgi zai iya sauka. Tambayi Hajiya ko kakanku ya taɓa ba da labarin wanda ya yi jinyarsa a can.

Maman Khadija: In ta fuskar addini take jin nauyi, ku tuna mata da Rufaida Al-Aslamiyya, Allah Ya yarda da ita. A tantinta aka kwantar da Sa'adu bin Mu'azu bayan kibiya ta same shi a yaƙin Khandaƙ. Amma fa ko da hujja, kada ya tsallake maganar uwa.

Nas Mai Dare: Ni ban ga abin gaggawa ba. Wanda ya gama bara, jini nawa ya gani? Ya fara yin shekara ɗaya ko biyu a sashen taimakon gaggawa, ya karɓi 'yan hatsarin mota da tsakar dare, ya ga ko hannunsa na rawa. Wasu abokan karatunmu a makon farko suka nemi a mai da su ɗakin awo. Kuma ba duk mai jinyar soja ne ke filin daga ba, akwai masu aiki a asibitocin bariki irin asibitin sojoji na 44 a Kaduna, sai dai soja ba ya zaɓar inda za a tura shi.

Yayar Auta: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na tambayi Hajiya da daddare. Ta yi shiru, can ta ce Baba ya dawo idanunsa da tafin hannunsa sun yi ɗorawa-ɗorawa, kakarmu ta yi ta dafa masa maganin shawara.

Malamin Tarihi: Mai yiwuwa ba shawara ba ce. Mefakirin haka take rina jiki in an daɗe ana shan ta.

Tsohon Saje: Turo min yaron ranar Asabar bayan La'asar, 'yata. Ya zo da Hajiya in za ta yarda.