Sauya juna ko dogaro kawai? Tambaya a kan masaƙun Kakuri

Ɗaliba, Unguwar Rimi:

Assalamu alaikum, iyaye da yayye. Ina shekarar ƙarshe a fannin nazarin kasuwanci, kuma an ba mu aikin rubutu a kan ra'ayin da ke cewa kamfani ba ya girma shi kaɗai, shi da masu kawo masa kaya da masu saye a wurinsa da abokan hamayyarsa suna sauya juna ne a hankali, kamar halittun da ke zaune a daji ɗaya. Kusan duk misalan da nake cin karo da su na kamfanonin wayar hannu ne na Amurka da masu rubuta musu manhajoji, alhali ni so nake in kafa hujja da abin da ya faru a nan Kaduna. Na yi niyyar ɗaukar masaƙun Kakuri, sai dai wani abu ya tsaya mini a rai. Idan masaƙa ta rufe, masu abinci da masu gidajen haya da ke kewaye da ita suka durƙushe, shin wannan sauya juna ne, ko kuwa ƙarami ne kawai ya dogara da babba? Ina roƙon waɗanda suka san al'amarin su fayyace mini inda iyakar take.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri:

Wa alaikumus salam, 'yata. Na yi ƙuruciyata a sashen zare na ɗaya daga cikin masaƙun nan, saboda haka abin da idona ya gani zan faɗa miki, fassararsa kuma in bar wa malamai.

Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila, daga baya United Nigerian Textiles da Arewa Textiles da sauransu suka biyo. Unguwar gaba ɗaya da jiniya take kwana take tashi. Mai koko da ƙosai ta san lokacin da masu aikin dare za su fito, mai tuwo tana da littafin bashi wanda ba a buɗe shi sai ƙarshen wata, mai gyaran keke kuma a bakin ƙofar masaƙa ya kafa rumfarsa. Amma gaskiyarki ce, masaƙa ba ta taɓa sauya ko ƙusa ɗaya a jikin injinta saboda mai tuwo ba. Da Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta tsaya a 2007, su ne suka kwana ciki.

Shawarata ita ce ki bar ƙofar gaba, ki zagaya ta inda auduga ke shigowa. A wancan zamanin, a cibiyar binciken noma ta Samaru ake fito da iri, injinan gurza na Zariya da Funtuwa da Gusau su raba auduga da gurya, irin ya koma hannun manomi, a fuloti kuma, wato kasuwar sayen auduga, malamin auduga ya duba ya ce wannan lamba ɗaya ce, wannan lamba biyu, kowace da kuɗinta. Mu a masaƙa da wannan audugar aka saita injinanmu, mun san tsawon silinta kamar yadda matar gida ta san mudunta. Bayan an rushe Hukumar Auduga a 1986, sai iri ya cakuɗe, tantancewa ta yi rauni, aka koma zuba auduga a buhunan roba irin na taki. Silin roba ɗaya idan ya shiga zare ba ya shan rini, sai bayan an gama saƙa, an gama bugu, ka ga farin layi ya ratsa yadi, a ware shi cikin na araha. Na tsaya da kaina ina kallon mutane zaune a gaban tarin auduga suna tsince roba da hannu. Mai saye ya daina amincewa da kayan, ya rage abin da yake biya. Manomi ya ga tsabtacewa ba ta ƙara masa ko kwabo, ya daina wahalar da kansa, wani ma ya koma masara. Kowane ɓangare martani yake mayar wa ɗaya, kuma kowane martani ƙara lalata abin yake yi.

Malamin tattalin arziki, Malali:

Baba ya riga ya ba ki rabin amsar, kuma ya ba ki ita daga inda ba za ki samu a aji ba. Bari in ƙara miki ma'auni.

Kalmar nan ta sauya juna daga ilimin halittu aka aro ta. Paul Ehrlich da Peter Raven ne suka yayata ta a 1964 da nazarinsu a kan malam-buɗe-littafi da tsirran da tsutsotsinsa ke ci: tsiro ya samar da guba, ƙwaro ya samu hanyar jure ta, tsiro ya sake dabara. James Moore kuma shi ya shigo da ita fagen kasuwanci a 1993, inda ya ce a riƙa kallon kamfani a matsayin ɗan wani muhalli da ya ratsa masana'antu da dama. Idan kina son misali na gida, ki kwatanta balbela da ƙwaron ɓaure. Balbela tana bin shanu tana cin farin da suka tayar, amma saniya ba ta sauya halittarta saboda balbela ba. Ɓaure kuwa, duk wanda ya taɓa tsaga ɗansa ya ga ƙananan ƙwari a ciki. Furen ɓaure a cikin ɗan yake, ba mai kai masa garin haihuwa sai wannan ƙwaron, shi kuma ƙwaron ba inda yake yin ƙwai sai can. Mai tuwon Kakuri balbela ce. Manomin auduga da masaƙa su ne ɓaure da ƙwaronsa.

Saboda haka, duk inda kika yi iƙirarin cewa biyu sun sauya juna, wajibi ne ki nuna abu uku a jere: wannan ya yi kaza, wancan ya sauya tsarinsa saboda haka, sa'an nan na farkon ya sake sauyawa saboda sauyin na biyun. An ce idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, to a nan sai kin nuna cewa makaɗin ma yana kallon ƙafar mai rawa. Idan mataki na uku ya ɓace, dogaro kika gano.

Gargaɗi ɗaya zan yi miki, domin ɗalibai kan ƙaunaci ra'ayi har su ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Ba lalacewar auduga kaɗai ta kashe masaƙun ba. Akwai ƙarancin wutar lantarki da tsadar baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi, akwai fasa-ƙwauri, akwai ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, akwai kuma ƙarewar yarjejeniyar ƙayyade cinikin tufafi ta duniya a farkon 2005, wadda ta buɗe wa kayan Sin hanya. Waɗannan iska ce daga waje. Abin da ra'ayin sauya juna zai bayyana miki shi ne dalilin da ya sa iskar ta tarar da ginin ya riga ya tsage. Idan kuma kina son misali mai rai, ki dubi kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da wakilansu masu POS, musamman tun daga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023.

Mai POS, Kawo:

Malam, tunda ka taɓo sana'armu, bari in sa baki. Ƙanwata, matakai ukun da Malam ya ce ki nema, ni a gabana suka faru. Da na fara, aikina shi ne in ba mutum tsabar kuɗi in cire ladana, kuma kullum da safe ina kan layi a banki. Daga baya na gane cewa mai shagon hatsi da ke kusa da ni yana kwana da tsabar kuɗin da yake tsoron ajiyewa, sai muka daidaita: da yamma in karɓi kuɗinsa in tura masa a asusu, shi ya huta da zuwa banki, ni na huta da layi. Da Babban Banki ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, kuɗi suka ɓace, sai hatta mai shayi ya rubuta lambar asusunsa a jikin kwali ya rataye. Kamfanonin suka ga cewa 'yan kasuwa sun saba, suka fara ba masu shaguna na'urar kai tsaye. Yau mai hatsin nan yana da tasa na'urar a kan teburi, yawancin masu sayensa ba sa riƙe kuɗi, abin da yake kawo mini da yamma ya ragu, ni kuma na ƙara da sayar da katin waya da biyan kuɗin wuta domin rumfar ta riƙe kanta.

Inda nake da ja da Malam shi ne misalin ɓaure, domin yana sa mutum ya ɗauka ƙarfin ɓangarorin ɗaya ne. Haƙiƙa mun sauya kamfanonin, mu muka shiga lungunan da babu reshen banki, ta hannunmu suka san yadda kasuwa take juyawa. Amma kamfanin da nake aiki da na'urarsa ya taɓa sauya ladan da yake cira da saƙo ɗaya cikin dare, ni kuwa ba ni da saƙon da zan tura masa in sauya komai. Abin da ke hannuna kawai shi ne in ajiye na'urarsa in ɗauki ta wani, kuma wannan ba ya girgiza shi sai idan mu da yawa muka yi haka a lokaci ɗaya. Ki rubuta cewa suna sauya mu ɗaya bayan ɗaya, mu kuma ba ma sauya su sai a taro.

Ɗaliba, Unguwar Rimi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan tsaya a kan auduga da masaƙa, in kawo masu POS a matsayin kwatanci, tare da gyaran da Yaya na Kawo ya yi game da bambancin ƙarfi. Baba, matakin da ya fi ba ni wuya shi ne na uku, wato in nuna da shaida cewa manomi ya sauya ne saboda abin da mai saye ya yi, ba saboda farashin masara kawai ba. Wa ya kamata in tambaya?

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri:

Ki je Funtuwa, 'yata, ki nemi tsofaffin malaman auduga da dillalan da suka yi zamani da fuloti, kuma ki tafi da wani babba daga gidanku, domin sun fi sakin baki idan sun ga sa'ansu. Kada ki tambaye su me ya kashe auduga, kowa zai ce miki gwamnati. Ki tambaye su yaushe aka daina bambanta kuɗin lamba ɗaya da na lamba biyu a wurinsu, sa'an nan ki tambayi manoma abin da suka shuka a daminar da ta biyo baya.