Shawarwarin kawo intanet ƙauyukan Zazzau

A tattaunawar da muka yi a Samaru, kusan kowa ya ce wuta ce tushen matsalar. Kowace hasumiyar sadarwa da za a kafa a Giwa ko Soba, a haɗa ta da sola da batura, domin kuɗin gas ɗin janareto ne ke kashe su. An ba da shawarar a jawo layin faiba, wato wayar da ke ɗauko intanet mai sauri, daga Zariya zuwa makaranta ko asibitin ƙauye, daga nan a raba wa unguwanni ta Wi-Fi. Wani dattijo ya ja kunnenmu, kuma na yarda da shi: a fara neman izinin dagaci, a ɗauki matasan garin gadi, in ba haka ba ɓarayi za su kwashe baturan. A kuma nemi tallafin USPF, asusun hukumar sadarwa ta ƙasa (NCC) da ke taimaka wa kai sadarwa yankunan da ba ta isa ba.