Neman shawara: yaya zan gane ko yarona yana tare wa mai jefa ƙwallo yadda ya kamata?

Baban Abba, Ohayo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙwallon ƙafar Amurka ciki da waje. Yarona yana aji na 11, bana koci ya ɗora shi a takul na hagu, wato shi ne a ƙarshen katangar mutum biyar da ke tare wa kwatabak, mai jefa ƙwallo. A wasannin baya-bayan nan ana yawan kayar da kwatabak ɗinsu tun bai jefa ba, iyaye kuma suna ta cewa katangar ce ba ta da ƙwari. Abin ya dami yaron, duk ranar Asabar ko abincin kirki ba ya ci. Shi kuwa koci ce masa yake yi yana ƙoƙari. Ni in ana wasa ƙwallo idona yake bi, ba na ganin abin da ke faruwa a layin. Ga masu nemo 'yan wasa na jami'o'i sun kusa fara duba bidiyonsa. Don Allah ta yaya ake auna aikin mai tarewa tsakani da Allah?

Ɗan Zango, Niyok:
Wa alaikumus salam Alhaji. Da farko ka ajiye lissafin kaye a gefe, yana yaudara ta fuska biyu. Kwatabak da ke riƙe ƙwallo yana jiran sai hanya ta buɗe sarai, ko wace katanga aka ba shi zai sha ƙasa. Mai saurin saki irin Peyton Manning kuwa yakan rufa wa masu tare masa asiri, da wuya a kai gare shi ko da an wuce su. Ka tuna wasan ƙarshe na Super Bowl a Fabrairun 2021, da Tampa Bay ta lallasa Kansas City 31 da 9. Sau 3 kacal aka kayar da Patrick Mahomes, kwatabak ɗin Kansas City. Wanda ya karanta wannan adadi kaɗai zai ce katangar ta yi aiki, alhali takul ɗinsu biyu na asali, Eric Fisher da Mitchell Schwartz, duk suna jinya, Mahomes kuma ya kwana yana gudun ceton rai. Masu lissafin tashar wasanni ta ESPN sun ƙirga an matsa masa sau 29. Don haka masana suka fi kallon matsi: kaye, da duka bayan ya jefa, da tilasta masa jefawa cikin gaggawa, duka a haɗe.

Abu Sadik, Tekzas:
Baba, barkanku da ƙoƙari. Na buga gad, wato mai tarewa da ke tsaye kusa da takul ta ciki, a ƙaramar jami'a, bari in faɗa muku yadda kocinmu yake mana maki.

Ku ce Abba ya buɗe muku Hudl, yawancin makarantu nan suke ajiye bidiyon wasa. Ku nemi hoton da aka ɗauka daga bayan fili, ba na gefe ba, a nan ne ake ganin ƙafa da hannu. Ku ware jefa-jefan da kwatabak ya ja da baya ya tsaya yana neman wanda zai ba. Waɗanda ya saki nan take ba sa gwada kowa, ku tsallake su. A kowane ɗaya ku manta da ƙwallo, ku zuba wa Abba ido, ku danna agogon waya. ESPN tun 2018 suke amfani da daƙiƙa 2.5: wanda ya riƙe abokin karawarsa har wannan lokaci ya ci, ko me ya faru bayan nan.

Sai yadda aka ci shi, don ba duk faɗuwa ce ɗaya ba. Idan ya kora mutumin ya zagaya ta can bayan kwatabak, wannan nasara ce, kwatabak ne ya kamata ya taka gaba. Idan aka wuce shi ta ciki, tsakaninsa da gad, wannan ita ce mafi muni, don ita ce gajeriyar hanya. Akwai kuma wanda ba a wuce shi ba amma an tura shi da baya kamar kura a kasuwa har ya taka ƙafar mai jefawa. A takarda ba a rubuta masa komai ba, amma ya faɗi.

Ku duba ƙafafunsa lokacin da yake ja da baya: kada su haɗe, kada su harɗe. Gwiwa a lanƙwashe, ƙirji a miƙe. Hannuwa su sauka cikin ƙirjin abokin karawa, don da zarar sun fita wajen kafaɗa ya kama riga, alƙali zai jefa ƙyallen rawaya, a mayar da ƙungiyarsu baya yadi 10. Abin da ya fi kayar da yara masu jiki shi ne zaƙuwa: ya sunkuyo da kai yana son ya kai duka, wancan ya goce, shi ke nan.

Malam na Kaduna:
Ni daga gida nake kallo da tsakar dare, amma ina bin makin PFF. Kamfani ne da ke ba kowane ɗan wasan NFL, babbar gasar ƙwararru, maki a kowane ɗauki (wato daga ɗaga ƙwallo har a tsayar da wasa), daga -2 zuwa +2, sannan su mayar da shi ma'aunin 0 zuwa 100. Alhaji zai iya kwaikwayonsu a littafi: ci, faɗuwa, ko canjaras.

Abu Sadik:
Malam, littafin shawara ce mai kyau, sai dai a ƙara layi biyu: da wa ya kara, kuma an taimaka masa ko shi kaɗai aka bari. Takul da ake turo masa mai gudu da ƙwallo ya ɗan bangaji mutuminsa kafin ya fita, ba daidai yake da wanda aka bari shi kaɗai ba. Kuma ƙorafin da 'yan wasa suka daɗe suna yi kan PFF shi ne mai ba da makin bai san umarnin da aka bayar a layi ba.

Maman Ummi, Merilan:
Yaya, ni damuwar yaron ce ta tsaya min a rai. Ka ba shi labarin Joe Thomas, takul na hagu na Cleveland daga 2007 zuwa 2017. Ya yi ɗauki 10,363 a jere bai fita ko sau ɗaya ba, ƙungiyarsa ba ta taɓa shiga wasannin fidda gwani ba a zamaninsa, amma a 2023 aka sa shi a zauren gwarazan wasan. Masu sanin aiki shi suka kalla, ba sakamakon ƙungiya ba. Kuma don Allah kada a buɗe bidiyon daren Juma'a da an tashi daga wasa, a bari ya huce.

Baban Abba:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na duba kaye guda ɗaya yanzu. Mutumin Abba ya kutsa ciki, Abba ya bi shi, sai ga wani ya zagayo ta waje babu mai taɓa shi. Laifin wa ke nan?

Abu Sadik:
Baba, wannan musaya ce da masu kai wa kwatabak hari suke shiryawa da gangan. Na waje ya kutsa ciki don ya ja takul, na ciki ya zagayo ta gurbin da aka bari. A yawancin tsari Abba zai tura na farkon ga gad, ya yi masa magana da ƙarfi, shi ya koma waje ya jira mai zagayowa. Idan haka aka koya musu, rabin laifin nasa ne, rabi na gad in bai zo ya karɓa ba. Amma akwai kocin da ke cewa kowa ya bi mutuminsa duk inda ya shiga, a nan kuwa gad ne ya makara. Abba ya ɗauki wannan hoton ya kai wa kocin layinsu ranar Litinin, ya tambaye shi wane tsari aka kira a ɗaukin. Sannan shi da gad ɗin su riƙa tsayawa minti goma bayan atisaye suna maimaita miƙa wa juna mutum, da baki da hannu.